Mama Earline, Wadda Ta Ɗaure Mini Hannu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mama Earline Batiste a gidanta da ke Opelousas, a jihar Louisiana ta Amurka, tana da shekara sittin da uku. Zuciyarta ce ta tsaya tana shirin fitowa aiki. Ina zaune a asibiti, a ɗaki na sha huɗu, ina jiran ta leƙo kamar kullum, sai na ga nas-nas sun taru a bakin ƙofa, ba mai kallon idon wani. Tun kafin a faɗa mini, na gane.

Mama, ke ce mai riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci a asibitin doguwar jinya inda mijina Lucien yake kwance, wata na uku ke nan. Ciwon ƙoda ya shigar da shi inshorar gwamnati tun yana saurayi, ciwon huhu kuma ya kwantar da shi a kan na'urar numfashi, da bututu a maƙogwaro. Ke kike amsa wa masu binciken inshora duk lokacin da suka tambayi dalilin zaman mutum a nan, da abin da ake yi masa wanda ba za a iya yi a wani wuri ba.

Ranar da muka fara haɗuwa kin same ni ina kuka, ba don Lucien ba, don wani jarumin littafi da jirginsa ya nitse. Kika ce in ajiye mijin takarda in duba na kan gado. Duk da haka kin ari littafin, kika dawo da shi bayan kwana biyu, kika ce jarumin kyakkyawa ne amma ya kamata ya nemi aikin yi. Duk Litinin kuma sai kin zo mini da shinkafa da jan wake, ki tsaya a kaina har in cinye.

A littattafan da na taso da su, mace da hannunta take jinyar mijinta. Don haka na zuba wa nas-nas ido har na koyi yadda ake zuƙe majinar da ke toshe masa bututu. Da ya fara kakari sai in tashi in yi da kaina, ba na danna ƙararrawar kiran nas, ina ganin na hutar da mutane. Sai ga takarda daga inshora: bisa abin da ke rubuce, Lucien ba ya bukatar kulawa irin ta asibiti, za a mayar da shi wani gidan jinya a Texas, tafiyar awa biyar. Kin gaya mini gaskiya, cewa a can za a kula da shi amma ba mai ƙoƙarin yaye shi daga na'urar.

Kika jawo kujera kika tambaye ni sau nawa nake zuƙe masa majina a wuni. Na ce sau goma sha biyu, har da ɗan alfahari.

"A takarda uku ne," kika ce. "'Yata, ƙaunarki ce ke shirin korar yaron nan."

Na durƙusa na roƙe ki ki cike sauran tara ɗin, tunda an yi su, ba ƙarya ba ne. Kika girgiza kai. "Shekara talatin ban rubuta abin da ma'aikaci bai gani ba. In suka kama gyara ɗaya a fayil ɗinsa, sai sun zazzage na kowa a ɓangaren nan, har tsohuwar ɗaki na shida da ba ta da kowa. Tashi, gwiwarki ba ta san tabarmar asibiti ba."

Abin da kika ɗora mini ya fi rubutun wuya. In ya fara kakari, in danna ƙararrawa, in zauna a kan tafin hannuwana har nas ta zo. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Ranar farko kin tsaya a bayana kina danne kafaɗata. Bayan mako guda kika ɗauki sabon lissafin kika yi wuni biyu a kan waya da masu inshora, har aka ƙara mana mako uku. A cikin makonnin nan Lucien ya kai awa shida yana numfashi da kansa.

Ranar Asabar aka binne ki. Duk nas ɗin da ta samu dama ta tafi coci, ni na zauna da Lucien. Baƙuwar nas aka bar mana, ɗakuna sun yi mata yawa. Da ya fara kakari na danna, na zauna a kan hannuna, na ƙirga. Leɓɓansa suka sauya launi. Mama, na tashi na zuƙe masa da kaina. Sau tara na tashi a ranar. Da ta samu zuwa na roƙe ta ta rubuta, sai ta ba ni haƙuri ta ce ba ta rubuta abin da ba ta gani ba. Yarinyar kirki ce, da kin yaba mata.

Yanzu masu binciken sun nemi bayanan kwana bakwai na ƙarshe, kuma a takarda ranar jana'izarki ita ce ranar da Lucien ya fi kowace rana lafiya. Alhamis za su yanke hukunci. Wanda aka ba kujerarki bai san sunanmu ba tukuna. Jiya Lucien, da bututu ya hana shi magana, ya rubuta a ɗan allonsa, "Za a tafi da ni?" Na ce a'a. Da kina nan da ba ki bari na faɗa ba, ni kuma har yanzu ban sami bakin gyarawa ba.

Allah ya jiƙanki, Mama Earline, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta daga wayar da ba ta daina ƙara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Baba Alcide, da 'yarki Yvette, da jikokinki, da ma'aikatan ɓangarenmu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. In kun tashi addu'a kafin Alhamis, ku saka mutumin ɗaki na sha huɗu.

Corinne Ledoux
Opelousas, Louisiana