Abin Da Ke Kan Kwabon Kwandasta

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai hoto ne tun zamanin da ake cin kwalliya takanas don a je a ɗauki hoto. Ɗaga-Haɓa ake ce masa a unguwa, domin ko jariri aka kawo masa sai ya ce ya ɗaga haɓa. Ba shi da sauƙi a bakin aiki. Ya sha korar ango ya je ya gyara wuyan riga, ya kuma sha faɗa wa mutum ido da ido cewa kyamara ba ta da laifi, abin da ta gani ta ɗauko.

Da waya ta shiga hannun kowa, kasuwarsa ta mutu murus, amma bai rufe shago ba. Kullum zai buɗe, ya share, ya kakkaɓe labulen nan mai zanen teku, ya zauna yana goge idanun tsofaffin kyamarorinsa da ke jere a kabad. Ga hannu ya fara rawa. Abin yana cina a rai, shi ya sa da na samu wata kyamarar zamani ta hannu wadda idonta ya fashe, na kai masa. Ya jujjuya ta ya ce, "Makauniya kika kawo mini?" Amma fa bai dawo mini da ita ba.

Huda murfinta ya yi, ya manna masa guntun bututun ruwa na roba da ya shafe cikinsa da baƙin fenti. A bakin bututun ya ɗaura idon wata kyamara da ta girme ni, a juye, bayansa na kallon gaba. Wai idan aka juya ido aka kuma nesanta shi da kyamara, ƙanƙanin abu yakan cika hoto fal. Na ce a raina shi ke nan, tsufa ya fara taɓa kan Kawu. Da ya nuna mini hoton kan ashana ya yi girman tulu, na kama bakina.

Abokin zamansa a bencin ƙofar shago shi ne Baba Kwandasta, wanda ya tsufa a ƙofar bas. Fasinja ba su da tsoron Allah: cikin turmutsutsu sai su cusa masa kwabon wata ƙasa a tafin hannu, sai ya isa gida ya gane. Bai taɓa zubarwa ba, a gwangwanin madara yake tarawa. Da kwabban nan Kawu ya koma aiki. Ya kafe kyamarar a jikin ƙarfen tsohon injin wanke hoto tana kallon ƙasa, yana danna ta ya janye hannu ta ɗauka da kanta. In babbar mota ta taho sai ya dakata, har tebur ya daina girgiza.

"Ɗaga haɓa, ranka ya daɗe," yake ce wa masu rawani da hular ƙarfe da ke kan kwabban. "Kin ga masu ciniki na gari? Ba sa ƙifta ido, ba sa cewa an ɓata musu hanci."

Kwabo ɗaya ne ba ya cikin gwangwani, yana aljihun Baba Kwandasta. Wata budurwa ce ta ba shi a bas, ya sauka ya bi ta da faɗa har ƙofar gidansu, kuma faɗan ne ya ƙare a aure. Ita ce Inna, matarsa. Kwabon ya sha hannu har ya yi sumul, sai wani ɗan tudu a tsakiya. Tun suna ango da amarya suke musu a kansa: shi ya ce tsuntsu ne, ita ta ce kifi. 'Ya'yansu sun tashi sun tarar da musun, jikoki ma har sun rabu gida biyu.

Ran nan Baba Kwandasta ya ajiye kwabon a teburin Kawu, babu wasa a fuskarsa. Idonsa ya daɗe yana yin hazo, likita kuma ya ce ba gyara, gaba ma abin zai yi.

"Aboki, ka fito mini da shi in gani kafin idon ya ƙarasa rufewa. Kada in tafi ban kayar da tsohuwar nan a musun ba."

Hoton farko ya fito kamar murfin tukunya, ba kifi ba tsuntsu. Inna ta ce a ba ta kwabon ta dirje shi da soson ƙarfe. Kawu ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa.

"Ki dirje? Ɗan abin da ya rage za ki kankare? Matsa can!"

Ya rufe taga, ya lulluɓe tocila da farin hankici, ya kwantar da ita a kan tebur yadda haske zai shafi kwabon ta gefe, kowane ɗan tudu ya yi inuwa. Ido a juye kuwa gani gare shi siriri, kaurin takarda kaɗai ya isa ya ɓata shi. Don haka Kawu ya riƙa cusa takarda ɗaiɗai a ƙarƙashin kwabon yana leƙawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can sai ya miƙe ya rufe kyamara da hula. Na yi magiyar duniya ya nuna mini, ya ƙi. Ya ce mai kaya zai fara gani.

Wurin masu buga allon talla ya kai hoton aka buga shi da girman ƙofa. Muka rataye shi a kan labulen teku, Inna ta riƙo hannun mijinta har gabansa. Ya matsa, ya ja baya, ya karkata kai. Ni dai tsorona kada a ce ko wannan ma hazo yake gani.

"Kifi ne!" ya kwarma ihu. "Wallahi kifi ne! Ga ido, ga wutsiya, ga ɓawo reras! Kai, har baki ya buɗe!"

Ban taɓa ganin wanda aka kayar yana murna haka ba. Yana tafi, yana bin kifin da yatsa, yana jawo masu wucewa su zo su ga yadda matarsa ta cinye shi. Inna ta gyara tsayuwa ta fara, "To, ba na faɗa maka ba, tun..." sai ta sa bakin mayafi a ido. Ni ma kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Baba Kwandasta ya juyo wajen muryarta. Ya daɗe yana ƙanƙance ido, sannan ya lalubo kafaɗar Kawu.

"Aboki, tunda ka iya da ɗan kwabo, ita fa? Na kwana biyu ban ga fuskarta sosai ba."

Kawu ya sauke kyamarar daga jikin ƙarfen. Ya kwance bututun, ya juya idon ya mayar da gabansa gaba, ya ɗaure shi da tef, ya jawo kujera tsakiyar shago. Inna ta zauna tana goge ido, tana mitar ba ta ko shafa hoda ba, mijin kuma yana tsaye a bayan Kawu yana tambaya ko akwai takardar da ta fi ƙofa girma.