Malam Audu, Mai Tare Magani a Bakin Magudana

"Umma, in na sha magani na yi fitsari, ina maganin yake tafiya?"

Harira ce, 'yata mai shekara biyar, ta jefo tambayar muna tsakar gaisawa da maƙwabcinmu Malam Audu. Kunya ta rufe ni. Shi kuwa dariya ya yi: "Na asibitinmu dai, uwata, wurina yake sauka."

Shekara ashirin da shida ke nan yana kula da tankunan ruwan datti a bayan wani asibiti da ke Abakpa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Kullum da hantsi yakan ɗebi ruwan a kwalabe shida, ya zuba wa kowace alam da garin gawayi, awo daban-daban, ya motsa, ya zauna ya zuba ido. Kwalbar da dattinta ya fi dunƙulewa ya kwanta, awonta zai bi wajen zuba wa tankunan a ranar. Ya ce ruwan jiya ba na yau ba ne, tunda majinyatan ma sun canja.

Magudanar da wannan ruwa ke bi ta bayan gidajenmu take wucewa, ta gangara lambunan da muke sayen alayyafo da latas. Abin da ya tsallake masa, tukunyarmu zai faɗa.

Nafisat, nas ce a asibitin, ta ba ni labarin ranar da alam ya ƙare, tanki ya cika taf. Wani babba ya zo ya ce, "Malam, buɗe kawai, ai ya kwanta da kansa, ya yi garau." Malam Audu ya ɗebo kofi guda ya miƙa masa: "To bismillah, ranka ya daɗe." Mutumin bai karɓa ba. Kafin la'asar buhunan alam sun iso.

Malam, kai ne garkuwar da ba a yi wa kirari. Ba ka kuma taɓa cika baki ba. Da bakinka ka gaya mini alam ba ya kama kowane magani, wani yakan sulale, shi ya sa kake haɗawa da gawayi, kuma duk da haka ba ka cewa an gama. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba magajinka irin haƙurinka.

Ni kaina na sha juye ragowar maganin tari a kwata, na daina. 'Yar'uwa mai karatu, ke ma ki daina. Ki tattara ragowar da wanda ya lalace, ki mayar asibiti ko kantin magani, ki tambayi yadda ake zubarwa. Kwatar gidanki ba ta bi ta tankin kowa. Abin da kika juye yau, babu mai tare shi kafin ya kai bakin ɗan wata.