Gonar da Torger Bai Taɓa Nomawa Ba

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san filin Torger Haugland, wanda ke bayan coci. Alkama ta kewaye shi ta ko'ina, shi kuwa ciyawa ce tsagwaronta, garma ba ta taɓa shigarsa ba.

Torger na cikin waɗanda suka fara sauka a nan Dakota ta Amurka daga Norway, shi da matarsa Gunvor da 'ya'yansu biyu, Ragna da jariri Eilif. Ba su tarar da bishiya ko ɗaya ba, balle dutse. Ƙasa suka yanka da saiwar ciyawarta, suka jera ta zama ɗaki. Da kaka zazzaɓi ya ɗauke Ragna. Torger ya ɓalle katakon akwatin da suka zo da shi, ya yi gicciye, ya sassaƙa sunanta, ya kafa a kan kabarin.

Sai hunturu ya zo da abin da ba su taɓa gani ba. Ƙanƙara ta rufe hanya, busasshiyar ciyawar da suke murɗawa suna hura wuta ta ƙare. Suka ƙone teburi, suka ƙone gado. Ranar da leɓen Eilif ya fara yin shuɗi, Torger ya fita, ya dawo da guntayen katako a cikin riga, ya tura a murhu.

Shi mutumin duwatsu ne. A ƙasarsu kowane wuri da alamarsa, ko ido rufe ka san inda kake. Ya ɗauka da ƙanƙara ta narke zai taka har kan kabarin ko babu gicciyen. Da ta narke, ruwa ya shafe tudun, ciyawa ta tashi har ƙugu, gabas da yamma duk iri ɗaya. Ya yi rarrafe har gwiwarsa ta sale, bai samu ba. Sai ya sassaƙa wani gicciyen a ɓoye, ya kafa inda zuciyarsa ta raya masa.

Gari ya kafu, jirgin ƙasa ya iso, kowa ya yi arziki da alkama, ban da Torger da ya bar rabin gonarsa a banza. Kakana maƙwabcinsa ne, kuma bakinsa ba ya shiru.

"Torger, bana ma ciyawar ka shuka? Lallai ta yi kyau."

"Ta fi alkamarka tsawo dai," in ji Torger.

Dariya ake yi, amma duk Lahadin da Gunvor ta ɗauki furanni ta nufi gicciyen, sai ya shige wurin dawaki ya ƙi fitowa. Kunya ce ke cinsa, kuma ta ci shi har furfura. Tsoronsa ɗaya: ranar da za ta ce a binne ta kusa da 'yarta.

Ranar kuwa ta zo. Kakata ce ke jinyar Gunvor, a bakinta na ji. Torger ya zauna a bakin gado, ya ce, "Gunvor, akwai maganar da na daɗe..."

"Kada ka sa ni wajen gicciyen nan," in ji ta. "Ragna ba ta can."

Ya ɗago ya dube ta, ta ci gaba.

"Ka ɗauka makauniya ce ni? Na ga sunanta a murhu yana ci."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In ce me? Na miƙa hannu na ji ɗumi, Torger. Ban janye ba." Ta numfasa. "Ka sa ni a tsakiyar ciyawar. Ko ta ina take, ba za ta yi nisa ba."

Can ya binne ta, daga baya shi ma aka kai shi gefenta. Eilif ya rayu har ya ga jikoki. Bai taɓa sa garma a filin ba, kuma ya hana 'ya'yansa.