Kai Yaya ganin dutse kafin idonsa ya rufe

Ana sallame la'asar ne, ran wata Lahadi, inuwar katanga ta taɓa bakin rijiya. Mu uku ne a zauren gidanmu a Haɗejiya: ni, da yayana, da wani baƙo mai sayar da dutsen niƙa. Baƙon ya zo tun da rani, lokacin da kogi bai wuce idon sawu ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a wurinmu har ruwa ya cika ya raba shi da gida.

Yayana kuwa idonsa ke tafiya. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya fara ganin mutane kamar a cikin hayaƙi. A wannan zama ya ce yana so ya ga dutse kafin duhun ya gama shigowa. Mu mutanen fadama ne, ƙasarmu laka ce da yashi, dutsen da muka sani shi ne wanda mata ke niƙa a kai. Baƙon ne ya cika masa kunne da labarin garinsu can kudu, ƙaramin gari a kan dutse, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga cikin tsagi, awaki suna kiwo sama da kan mutane.

Na ce a bari sai rani.

Yaya ya ce, "Da rani sai dai ka kai ni in shafa. In shafawa ce, ai na tsakar gida ma ya ishe ni."

Ban sake musu ba, na shiga shiri bi da bi. Da farko guzuri: busasshen kifi da garin gero. Sannan takalma, domin ƙafarmu ba ta san tsakuwa ba, na sa baduku ya ninka mana fata. Na uku hanya, ita ce ta hana ni sakat. A shekarun nan ana kama mutane a dajin kudu. Wani maƙwabcinmu ya tafi da jakuna biyu, jakunan ma ba su dawo ba. Ga shi baƙon kaɗai ya san hanya, ni kuma ban san ubansa ba, ban san kowa nasa ba.

Ya ce kada mu bi babbar hanya, akwai wata ta cikin daji. Ya ce kada mu hura wuta in mun yada zango. Ya ce kada mu gaya wa kowa ranar tashi. Kowace shawara tasa, in na juya ta, sai in ga daidai take da ta mai son ya kai mu inda ba mai jin ihunmu. Na wasa wuƙata. Na riƙa kallon hannunsa in muna cin tuwo.

Da na gaya wa Yaya, dariya ya yi. "Wa zai sayi makaho, ƙanena? Kai dai ka ji tsoro, kai ne mai ƙwari."

Ban ga abin dariya ba. Na ƙudurta a raina cewa a mashigi zan yanke. In na ga abin da bai kwanta mini ba, zan juyo da Yaya ko yana zagina.

Muka isa mashigi da hantsi. Ruwa ya shafe gonakin shinkafa, gaɓar can sai bishiyoyi tsaye cikin ruwa. Na ɗaura kayanmu a kan manyan gorunan ƙetare ruwa kamar yadda muka saba. Da na waiwaya, sai na ga baƙon zaune a ƙasa, ya ƙura wa ruwan ido.

Ya ce, "Maigida, babu wani wurin da ya fi nan?"

Na ce babu.

Ya ce, "Na daɗe da warkewa. Ruwan nan ne ya zaunar da ni a zaurenku."

Muka kwantar da shi a kan gora, ina ja. A tsakiyar ruwa wata ciyawa ta shafi ƙafarsa, ya zaci kada ne, ya saki gorar ya shaƙe wuyana da hannu biyu. Na nutse, na taso, na sake nutsewa. Yaya ne, da ya girma cikin kogin nan, ya bi sautinmu ya ɓamɓare yatsun mutumin ɗaya bayan ɗaya, yana ce masa, "Riƙe gorar, ɗan'uwa, wuyan nan nasa ne."

A gaɓa baƙon ya yi amai, ya daɗe kwance. Da ya tashi ya kwance wuƙarsa daga damtse ya miƙo mini. Ya ce, "Na ga yadda kake kallona tun a gida. Riƙe har mu isa." Na karɓa. Ban juya ba.

Tsoro bai bar ni ba duk da haka. Mun wuce wani ƙauye da aka ƙone, tukwane a kife, babu ko kaza. Mun ci garin geronmu da ruwan sanyi. Amma wata safiya Yaya ya tsaya cak ya ce, "Hadari ne ya haɗo a gabanmu?"

Na ce, "Dutsen ne, Yaya."

Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa har hularsa ta faɗi. Wajen hawa shi ya riga ni. Ni rarrafe na yi, ban yarda na dubi ƙasa ba, baƙon yana riƙe da wuyan rigata.

Kafin a yanke shinkafar shekarar idon dama ya rufe. Har ya rasu, in mata na niƙa, yakan ce a ba shi ɗan dutsen ya riƙe.

Kai mai karanta wannan, in ka tarar da mutumin tudu yana rawar jiki a mashigi, kada ka yi masa dariya. Ka ɗaura shi a gora da kyau, ka kuma sa mutum na biyu a bayansa.