Muryar da Ba ta Kawu Ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makaɗin ganguna ne a wata ƙungiyar kiɗan rok da ko gidan rediyo ɗaya bai taɓa saka waƙarta ba. Sunan ƙungiyar Tsatsa. Su huɗu ne, dukkansu ma'aikatan wata masana'antar takalman roba. Kawu ake kira Guduma, saboda yadda yake dukan ganga kamar ta yi masa laifi. Mawaƙinsu kuwa Dogo ne, abokinsa tun suna yara, mutum mai kunya wanda ba ya iya haɗa ido da kowa sai ya rataya gita.

A wani tsohon gareji suke gwaji ranar hutu, sun jingina katifu a bango don kada maƙwabta su kai ƙara. Mahaifiyata takan ce wa Kawu, "Auta, wannan kiɗa ne ko tukwane ke faɗowa daga kanta?" Shi kuma ya ce, "Yaya, ai tukwanen ma sai an iya jefar da su."

Kaset ɗaya tak suka yi, babu hoto, babu sunan kowa a jiki. A ciki akwai waƙar da Dogo ya rubuta bayan gobarar sashen fenti na masana'antar, inda mata uku suka mutu saboda an sa wa ƙofar baya sarƙa. Ya ambaci matan ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci sarƙar. Kafin wata biyu kaset ɗin ya zagaye ma'aikata, kowa na kwafa yana ba na kusa da shi.

Wata Talata da hantsi aka kira Kawu ofishin manaja. Ya tarar da kaset ɗin a kan tebur, ga wasu ƙarti biyu tsaye a bakin ƙofa. Manaja bai ce ya zauna ba. Ya kunna rikoda, ya bar waƙar ta kai ƙarshe, yana kallonsa.

"Kiɗan naka ne, an gaya mini," in ji manaja. "Muryar fa?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Kana kaɗa wa mutum ganga ba ka san shi ba? Ka faɗi suna ka koma bakin injinka. In ba haka ba, ka bi waɗannan."

Daga baya Kawu ya gaya mana a lokacin zufa har cikin takalminsa. Ta tagar ofis yana hango Dogo a ƙasa yana tura amalanken kwalaye. Dogo a gidajen kamfani yake zaune da matarsa da tsohuwar mahaifiyarsa makauniya. In aka kore shi, ranar za a fitar musu da kaya titi.

"Ni na rera," in ji Kawu.

Manaja ya jingina da kujera. "To rera mini."

Duk danginmu sun san muryar Kawu, ko ƙofar da ba a sa wa mai ba ta fi ta daɗi. Ya gyara tsayuwa, ya rera baiti na farko, ya ambaci sunan mace ta farko. Ɗaya daga cikin ƙartin ya sunkuyar da kai. Da ya kai ta biyu manaja ya buga tebur ya ce ya isa. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ya dai sami wanda zai kai wa na sama da shi. Kwana shida Kawu ya yi a tsare. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji, aiki kuma ya tafi.

Tsatsa ba ta sake haɗuwa ba. Dogo ya sayar da gitarsa, kuma in ya hango Kawu sai ya sauya hanya. Kawu ya buɗe rumfar walda, ya yi aure, bai taɓa zagin Dogo a gabanmu ba.

Shekara ashirin da bakwai bayan haka wani ya sa kaset ɗin a intanet. Sai ga makaɗa uku na wata sabuwar ƙungiya sun zo rumfar don an gaya musu Kawu ne ya rera, sun ce daga wannan kaset suka koyi kiɗa, suna neman izinin mai muryar su sake buga waƙar. Kawu ya kashe inji, ya cire tabarau, ya ce su biyo shi. Ni na tuƙa su.

Dogo ya buɗe ƙofa da sanda a hannu, ya ga Kawu.

"Waɗannan mai murya suke nema," in ji Kawu. "Kamfanin ya rushe, manaja ya mutu. In kana so a ci gaba da cewa ni ne, ni ne."

Dogo ya matsa daga bakin ƙofar. Sannan ya ce, "Ku shigo. Baiti na uku ma ba daidai na rera shi ba."

An buga waƙar da sunan Dogo. Yanzu duk Asabar Kawu yana zuwa gidan, su zauna a baranda suna musun ƙwallo, Dogo a damansa don ya ji abin da yake faɗa.