Baba Sannu, Mai Juya wa Labari Baya

Baba Sannu ba ya shiga motar ofis. A ƙafa yake zuwa gidan jaridarmu kullum, kyamara a wuya, yana tsayawa gaisawa da mai faci da mai gadin banki, kamar ɗan takara. Kafin ya iso an gama taron safe, an raba aiki, shi ya sa muka laƙaba masa sunan. Amma idan jarida ta fito, hotonsa ne a shafin farko, nawa kuwa yana can ciki, maƙale tsakanin tallar katifa da cigiya.

Ni ma mai ɗaukar hoto ne, teburina na jikin nasa, kuma ina kishinsa ƙiri-ƙiri. Kyamarata ta fi tasa tsada, ƙafata ta fi tasa sauri. To me ya rage in ba sa'a ba?

Ranar da wani bene ya rufta da magina, mu masu ɗaukar hoto muka yi ca a kan motar tono muna ture juna. Da na waiwaya sai na hango shi ya juya wa aikin baya, yana tsaye cikin rana kusa da wata mata da ta kawo wa mijinta abinci, kwanon na hannunta har lokacin. Na ce a raina, tsufa ya zo. Da aka zaro mijin da rai, mu muka tashi da ƙura da ƙeyar masu ceto. Shi ya samu fuskar matar daidai lokacin da kwanon ya suɓuce mata. Washegari kafin azahar jarida ta ƙare a kasuwa, ni kuwa abinci ya ƙi shiga.

Na tare shi a matakala. "Baba, tsakani da Allah, wa ke maka aiki?"

Ya yi dariya. "Sa'a ce, ƙanena. Amma 'yar gata ce, ba ta bin mai gudu. Sai ka tsaya ta zo ta same ka."

Yanzu likita ya ce idonsa ya gaji, wannan makon zai ajiye aiki. Baba, kai ne mai kallon inda kowa ya ba wa baya. Kai ne ka taɓa goge hoton wani uba yana kukan ɗansa, edita na kumfar baki, ka ce ba kowane hawaye ake sayarwa ba. Da ni ne, wallahi da ya fito.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma yara masu sababbin kyamarori, ku rage gudu, ku koyi gaisuwa da tsayuwa.

Jiya edita ya ce daga Litinin shafin farko nawa ne. Na yi zaton zan yi murna. Sai na tuna, Baba, idan hotona ya fito lami, babu sauran sa'ar wani da zan ɗora wa laifi.