Kifin Ordinatar da Maganar Dattijon Bune

A ƙarshen shekarun casa'in ni budurwa ce a Gure, ɗiyar manomi, wadda ta tsaya da karatu a koleji ta koyi buga takardu da mashin. Ban taɓa wuce Damagaram ba, amma a cikin kaina babu inda ban je ba. Ina iya zama bakin ƙofa ina tsince wake, idona a kan tudun rairayi, hankalina ya yi nisa har sai innata ta taɓa ni ta ce jikina kawai ta haifa, sauran yana yawo. A haka wani proje, wato shirin raya karkara, mai kula da rijiyoyi da kwaruruka ya buɗe buro, ofishinsa ke nan, a garinmu, suka ɗauke ni sakatariya. Da aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, shef ɗinmu, shugaban buron, ya ce ni zan riƙe ta. Ranar na koma gida kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Kafin in fara aka tura ni Damagaram horo. Malamin da ya koya mana, mushe kamar yadda muke kiran malamin boko, mutum ne mai magana a hankali. Wata rana ya ce kowa ya rufe ido ya hango duk abin da zai iya samun na'urarsa, sannan ya tambayi kansa wane ne ya fi saurin faruwa, wane ne kuma in ya faru ba ya gyaruwa. Na rufe nawa idon, na hango ɓarawo yana ɓalle taga, na hango rairayi yana shiga ta ramukan na'urar, na hango zafin bazara da ɗaukewar wuta. Da muka buɗe ido ya ce duk wannan gaskiya ne, amma ɓarnar da ta fi yawa da hannun mai na'urar take shigowa. Ya ce kada mu sa disket, ɗan faifan ajiyar bayanai, wanda ba mu san inda ya kwana ba, mu riƙa ajiye kwafin aikinmu a wani gari dabam, kuma tsohon kwafi a rufe ɗan makullin da ke gefensa don kada komai ya rubutu a kai. Na ji shi sarai. Sai dai ɓarawon da na hango ya fi maganarsa girma a idona, don shi ina iya ganin fuskarsa.

Da na dawo na sa aka ƙara kwaɗo a ƙofa, aka toshe taga. Na ɗinka wa na'urar mayafi da hannuna, na yi masa furanni da zare. Kullum da safe sai na share ɗakin na yayyafa ruwa kafin in kunna ta. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya yaba, ni ma na yarda da kaina cewa na tsare amana.

Aikina shi ne sauraro. Ma'aikatanmu na fita ƙauyukan Bune da Gidigir da Gamu da rakoda, su zauna da dattawa, su ɗauko maganarsu a kaset: wa ya haƙa wannan rijiya, garken wa ke fara sha, ina burtali ya bi kafin rairayi ya rufe shi. Ni kuma in saurara in buga, don innata Bamanga ce kamar dattawan, ina jin yarensu. Kaset ɗin ba su da yawa, saboda haka duk wanda na gama sai in ce an gama, su mayar da shi daji su ɗauki wata magana a kansa. Ni na ba da wannan shawara, ina alfahari da cewa abin da ya shiga ordinatar ya shiga ke nan.

A cikin muryoyin akwai wadda na fi so, ta wani dattijo daga wani kwari a ƙasar Bune. In yana magana sai ɗakin ya ɓace mini. In gan ni ƙarƙashin dabino, iska tana kaɗa goriba, ƙasa fara fat da kanwa, raƙuma suna gangarowa daga tudu ɗaya bayan ɗaya. Ya ba da labarin yadda kakansa da kakan wasu makiyaya suka haƙa rijiya tare, suka yi alkawarin da rani makiyayan su shayar da safe, mutanen kwari da marece, da abin da kowane ɓangare zai kawo in rijiyar ta rufta. Ya ambaci shaidu da sunayensu har da na iyayensu. Wata ranar kasuwa sai ga shi da kansa a buro, ya ce yana so ya ga akwatin da aka ce ya haɗiye maganarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na karanta masa daga gilashin na'urar. Ya gyara mini suna ɗaya, sannan ya kira ni ɗiyata, ya ce yanzu ya sauke kaya, ko Allah ya ɗauke shi bana yaran ba za su yi faɗa a kan ruwa ba. Na ce masa Baba ya kwantar da hankalinsa, tana wurina.

A lokacin ina da ƙawa, malamar lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga can bakin kogi. Kewar gida tana damunta ƙwarai. Takan ce idonta ya gaji da jan rairayi da farin kanwa, ruwa take so ta gani ko na kallo ne. Wata rana ta zo da disket da wanta ya aiko mata daga Yamai, ta ce an gaya mata akwai kifi a ciki. Lokacin hutun rana ne, kowa ya tafi gida, gari ya yi tsit sai kukan kurciya. Maganar mushen nan ta gifta mini, amma na dubi fuskar ƙawata na ce a raina ai wannan ba baƙuwa ba ce. Na sa shi. Gilashin ya koma shuɗi, sai ga kifaye, ja da rawaya da wani mai ratsi, suna tafiya a hankali, kumfa tana tashi daga ƙasa. Ban taɓa ganin kifi mai rai ba sai ranar. Muka zauna muna kallo, hasken yana wasa a fuskokinmu, ita tana hawaye tana murmushi, ni kuwa ji nake kamar an nutsar da ɗakin cikin ruwa mai sanyi, kuma ban son a tsamo ni. Daga ranar kusan kullum sai mun kalle su. Har mun raɗa musu sunaye.

Makonni suka wuce ba abin da ya faru, sai ƴan ƙananan abubuwa. Na'urar ta ƙara nauyi wajen tashi. Wani lokaci in buɗe rubutu in ga wasu alamomi a tsakiyar layi, in ɗauka yatsana ne ya zame. Duk ƙarshen mako ina kwafe aikin a kan disket ɗin da na saba, sabo a kan tsoho, in mayar da su aljihun tebur ɗaya in kulle. Kwafin da ya kamata in aika Damagaram kuwa ina ta jinkirta shi, ina so sai aikin ya kammala ya yi kyau tukuna. Ban san cewa duk mako lalataccen nake ɗorawa a kan mai kyau ba. Wata safiya na kunna, gilashin ya tsaya baƙi da layi ɗaya na rubutun da ban gane ba. Da ƙyar ta tashi, na buɗe maganar dattawa, babu kalma ko ɗaya da ake iya karantawa. Na ɗauko disket ɗin ajiya, su ma haka. Akwai wani tsoho guda da na manta a ƙasan aljihun, tun kafin kifin. Da na tsaya na nemi wanda ya san gyara, da disket ɗin nan ya cece mu. Amma na yi gaggawa, na tura shi ciki makullinsa a buɗe, cutar ta kama shi a gabana.

Shef bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko wani disket ya taɓa shiga daga waje, na faɗa masa gaskiya. Ya dafe kansa ya ce shi ma da laifinsa, tunda bai taɓa tambayata ina kwafin yake kwana ba, mayafin da kwaɗon kawai yake gani ya ji daɗi. Mai gyara ya zo daga Damagaram, ya ce birus ce, cutar da ke bin disket daga na'ura zuwa na'ura, takan yi kwance kafin ta tashi. Ya ceto ɗan abin da ya ceto. Ma'aikata suka sake fita daji, wasu dattawan suka maimaita, wasu suka ce sun riga sun faɗa. Dattijon Bune kuwa ya rasu tun farkon damina, kaset ɗinsa kuma an daɗe da ɗaukar wata magana a kai.

Da rani ya yi tsanani babban ɗansa ya zo buro. Ya ce makiyayan sun iso, samarin ɓangarorin biyu sun fara musu a kan wa zai fara sha, kuma tsohonsu kafin ya cika ya ce in haka ta taso su zo wurin ɗiyarsa ta Gure. Ya zauna a kan tabarmar yana jira in karanta. Na gaya masa maganar mahaifinsa ta lalace a hannuna. Da na gama bayani bai zage ni ba, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya sa takalmansa. Na roƙi shef ya bar ni na bi mota har kwarin. Na zauna gaban mutane na faɗi duk abin da na tuna, safe da marece, da gyaran rijiya. Amma sunayen shaidun sun cakuɗe mini, kuma wani daga cikin makiyayan ya tambaya cikin ladabi ko ni ɗin ina wurin aka yi alkawarin. Ba a zubar da jini ba, alhamdu lillahi. Sai dai a shekarar makiyayan suka kaɗa dabbobinsu zuwa wata rijiya mai nisa, ƙanana da yawa ba su kai ba, kuma zumuncin da kakanni suka haƙa tare da rijiyar bai koma yadda yake ba. Ƙawata ta daina zuwa buro don kunya, ko da yake ban taɓa ɗora mata ba. Aka yi mata canjin wuri, muka rabu ba mu yi wata doguwar magana ba.

Shekaru sun ja, na yi aure, na ci gaba da aiki da na'urori iri iri. Abin da na koya shi ne na tsare abin da ke ba ni tsoro, na bar abin da zai yi ɓarna da gaske. Haɗarin bai zo mini da mugunta ba, da daɗi ya zo, a hannun wadda nake ƙauna, ita ma ba ta sani ba. Ina roƙon duk wanda aka ba riƙon bayanan mutane, a ordinatar ne ko a wayar hannu, ya zauna ya tambayi kansa: in wannan ya ɓace yau, ina na biyunsa, kuma yaushe na buɗe shi na ga yana da rai? Kada ya goge asali don yana da kwafi, kada ya jira aiki ya yi kyau kafin ya kai ajiya nesa, in kuma abu ya lalace ya cire hannunsa ya kira wanda ya sani. Ni an ce mini duk wannan tun ranar farko. Mutumin da ya dogara da ni bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, kalmata kawai ya riƙe ya tafi kabari da ita hankalinsa kwance.